Wai shin wane ne jarumi? Ina neman abin da zan faɗa wa ɗalibaina

Malamin_Hausa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyar da Hausa a wata sakandare. Makon jiya na ba 'yan aji biyar aikin insha'i, na ce kowa ya cika shafi guda a kan jarumin da ya fi burge shi. Da na zauna duba takardun sai na tarar mafi yawansu 'yan fim suka rubuta, sai 'yan ƙwallo. Yarinya ɗaya ta rubuta Sarauniya Amina, yaro ɗaya kuma ya rubuta mahaifinsa. Ban ga laifin yaran ba, tun tasowarsu abin da suke ji ke nan a rediyo: jarumi wane ya fito a sabon fim, jaruma wance ta yi aure. Amma abin ya tsaya mini a rai. A da in an ce jarumi, ana nufin wanda ya tsaya a inda maza suka watse. Ina so in shiga aji ranar Litinin da bayani mai gamsarwa. Me ke mai da mutum jarumi? Rashin tsoro ne, ko ƙarfi, ko nasara? Kuma jarumin littafi da na zahiri, da mudu ɗaya ake auna su?

Dan_Kurmi: Wa alaikumus salam Malam. Rashin tsoro ne kawai. Hausawa sun gama magana tun tuni, matsoraci ba ya zama gwani.

Ummu_Hanif: @Dan_Kurmi ban yarda ba. Jariri mai rarrafe zai kai hannu ya damƙi kunama, ba ya tsoronta, wa ya taɓa ce masa jarumi? Ai rashin sani ne. Ni a wurina sai mutum ya san abin da zai iya samunsa, gabansa ya faɗi, ƙafarsa ta yi sanyi, sannan duk da haka ya taka. Wanda bai ji tsoron ba, me ya danne?

Dalibar_Adabi: Malam, ka fara da raba musu kalmomi biyu. A nazarin adabi wanda labari ya ginu a kansa tauraro muke ce masa, ko babban tauraro. Tauraro yana iya zama ɓarawo, yana iya zama rago. Masu fim ne da 'yan jarida suka ɗauki jarumi suka ɗora a kan duk wanda ya ja ragamar shiri, har ta kai ko wanda ya fito a matsayin mai gadi ana ce masa jarumi.

Sannan ko a littattafanmu na farko ba kala ɗaya ba ne. Dubi waɗanda suka fito daga gasar rubuta littattafai da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ganɗoki na Bello Kagara mayaƙi ne mai takobi da kirari, yana ba yara labarin yadda ya kara da Turawa, daga baya har da aljanu. Shi kuwa Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ba da sara da suka ya yi fice ba, da wayo ne da iya baki, shi da Malam Zurƙe kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. Amma dubi abin da ya fitar da shi daga gida: an wulaƙanta wanda ya riƙe shi a gaban fada don ya ce akwai ruwan Bagaja mai magani, ya tafi ya nemo ruwan don ya wanke shi daga zargi. Wannan dalilin shi ne ya sa mai karatu yake binsa duk da ɓarnar da yake yi a hanya. In ka cire dalilin, mayaudari kawai ya rage.

Malamin_Hausa: @Dalibar_Adabi na gode ƙwarai, wannan na tauraro zan fara da shi. Amma kin ga kin jefo wata tambayar: ke nan dalili shi ne ma'auni?

Dan_Daurama: Ku zo Daura ku ga ma'auni da idonku. Rijiyar Kusugu tana nan har gobe. Gari guda maciji ya hana shi ruwa sai ranar Juma'a, ga mazaje cike da gari, ga masu sarauta, ba wanda ya iya. Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya karɓi guga ya tafi. Da gari ya waye kowa ya ɗebi ruwa. Jarumi shi ne wanda ya cire wa jama'a ƙayar da ta gagare su. Shi ya sa yau shekaru aru-aru ba a manta da Bayajida ba.

Goggon_Yara: Ɗan'uwa na Daura, ka faɗi rabin labarin ka bar rabi. Kafin ya iso Daura fa? Daga Barno ya gudo da matarsa Magira, ya bar ta a Garun Gabas da tsohon ciki ya yi gaba. A can ta haifi Biram. Ita da ta bar gidan ubanta na sarauta ta bi shi cikin daji, ta haihu a baƙon wuri, wa ke yi mata kirari? Kullum a labaranmu namiji ne ke da takobi, mace kuwa ita ce ladan da ake ba shi a ƙarshe.

Dan_Daurama: Goggo, ban ƙi taki ba. Amma ki tuna garin da ya tarar mace ce ke mulkinsa, kuma ita ta yanke hukuncin wanda ya cancanta. Wurin da ya fi burge ni ma a labarin shi ne da safe, da aka yi shela cewa wanda ya kashe macijin zai sami rabin gari. Nan take mutane suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne, wasu har da kawo kawunan wasu macizan. Shi wanda ya yi aikin yana kwance a masauki bai ce uffan ba sai da aka aika aka kira shi. Malam, ka faɗa wa ɗalibanka wannan, domin har yau haka ake yi.

Bazazzagi77: Maganar Goggo ba ta hau kan Zazzau ba. Mu macen ce ke riƙe da takobin. Har yanzu in aka ga tsohuwar ganuwa a ƙasar Hausa sai a ce ganuwar Amina.

Sani_Mai_Shayi: Ni tambayata ɗaya ce. Gizo jarumi ne? Domin duk tatsuniyar da kakata ta yi mana shi ke cin nasara, ya yaudari giwa, ya yaudari dorina, ya bar kura da duka. Muna yara shi muke so.

Dalibar_Adabi: @Sani_Mai_Shayi misali ne mai kyau. Gizo tauraro ne, amma ba jarumi ba. Duk dabararsa cikinsa yake yi wa, ko Ƙoƙi ba ta tsira daga cutarsa ba. Yara suna sonsa ne don ƙarami ne yana kayar da manya, kuma talaka ya daɗe yana jin daɗin ganin haka ko da a tatsuniya ce. Amma ba uwar da za ta yi wa ɗanta addu'ar ya zama Gizo.

Abu_Zaid: Allah ya gafarta Malam, mu da muke Musulmi an riga an ba mu ma'auni. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Wani hadisin kuma ya nuna mafificin jihadi shi ne faɗar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Ka lura duka biyun ba takobi a ciki. Ba wai an raina takobi ba ne, ai muna da Sayyidina Hamza da Sayyidina Ali. Amma dubi Khalid bin Walid a yaƙin Mu'uta. Kwamandoji uku sun yi shahada a jere, Zaidu da Ja'afar da Abdullahi bin Rawaha, ya karɓi tuta ya ga rundunar mutum 3,000 ba za ta iya da taron Rumawa ba, ya yi dabara ya janye su ya dawo da su Madina. Wasu mutanen gari suka tarye su suna ce musu magudana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba magudana ba ne, masu komawa fagen ne in Allah ya so. Ja da baya ma wani lokacin jarunta ce.

Dan_Kurmi: Ustaz na karɓi gyara a kan Mu'uta. Amma kar mu buɗe ƙofar da kowane rago zai gudu ya ce dabara ya yi.

Jikan_Mai_Wurno: Sallama daga Sudan. Wannan magana ta ja da baya ta taɓa ni, domin mu nan sakamakonta ne. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, ya ɗauki hanyar gabas, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna binsa. Aka bi su har Burmi, a can ya yi shahada a watan Yuli na shekarar tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har bakin Kogin Nilu, garin da suka kafa kusa da Sinnar da sunansa ake kiransa. Ni da aka haifa a nan, Hausar da nake rubuta muku gadon wannan tafiyar ce. A gidanmu in an ce jarumi, Attahiru ake nufi, kuma ba don ya ci yaƙi ba, ai bai ci ba. Don haka ku cire nasara daga cikin sharuɗɗan.

Basakkwace: Allah ya jiƙan Attahiru da waɗanda suka tsaya a gindin tuta a Giginya ranar yaƙin Sakkwato har aka ƙarar da su. Amma ɗan'uwa na Sudan, bari in kawo wanda ba a cika ambata ba. Wazirin Sakkwato Buhari bai bi hijira ba. Ya dawo ya yi sulhu da Turawa, ya tsaya a kan a bar mutane da sallarsu da alƙalansu. Abin ya dame shi har ya nemi fatawar malamai, ya kuma rubuta risala yana bayyana dalilinsa. Ka yi tunanin garin da sarki ya fita, mata da tsofaffi da yara suna ciki, ga bindiga mai ruwan harsashi a bakin ganuwa. Dole wani ya tsaya ya haɗiye abin da ba ya so ya yi magana da su. Wanda ya mutu a Burmi ya sami waƙa da addu'a. Wanda ya zauna ya sami zargi, kuma ya san zai same shi tun kafin ya zauna. Ni ban iya cewa ɗaya ya fi ɗaya sadaukarwa ba.

Jikan_Mai_Wurno: Malam Basakkwace, ina girmama Waziri. Sai dai a ganina wannan hikima ce da haƙuri, ba jarunta ba. Kowace kalma da gurbinta. In muka ce duk mai kyakkyawan aiki jarumi ne, mun koma gidan jiya, irin na masu fim.

Basakkwace: To ai Ustaz ya kawo mana Khalid. Me ya raba?

Jikan_Mai_Wurno: Khalid ya janye ne ya dawo da takobinsa a hannu. Bai miƙa shi ba.

Ummu_Hanif: Wannan gardamar ta ku biyu, malaman wancan zamanin ma sun yi ta, ba a nan za a ƙare ta ba.

Yar_Dogonduci: Gaisuwa daga Nijar. Kun yi ta ambaton na Najeriya, bari in kawo tamu. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasarmu yana ƙone garuruwa. Abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau tsofaffi ba sa son tuna shi. Sarakuna da dama sun buɗe musu hanya don tsoron abin da ya sami maƙwabta. Sarauniya Mangu ta Lugu, shugabar Azna, ta ƙi. Mutanenta da baka da kibiya suka tare su a watan Afrilu, da wuta ta yi yawa suka shige kurmi, Turawan suka tarar da gari ba kowa. Ba ta kore su daga ƙasa ba, amma ta ƙi durƙusawa. Watanni uku bayan haka sojojinsu da kansu suka harbe su biyun a yankin Tasawa. Abin da nake so Malam ya lura, ita ba Musulma ba ce, ba namiji ba ce, ba ta da dawaki da sulke. Duk siffar barden da muka saba ji a waƙoƙin fada ba ta da ko ɗaya.

Goggon_Yara: Allah ya yi miki albarka 'yata. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Dan_Gwari_Minna: Ni Bagwari ne, Hausa na tashi da ita a kasuwa da makaranta. Ina karanta ku tun farko, kuma akwai abin da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. An ambaci Ganɗoki. Na karanta shi a makaranta na ji daɗinsa kamar kowa. Amma labarin ya ginu ne a kan yaƙe-yaƙen ƙasar Kwantagora, zamanin Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. A wajen makaɗan fada shi namijin duniya ne. A wajen kakannina shi ne dalilin da ya sa suka bar fili suka hau duwatsu, domin hare-haren kamun bayi. Mutum ɗaya, suna biyu. Ba ina neman faɗa ba ne. Ina so ne Malam ya koya wa yara su riƙa tambaya: wa ya yi kirarin, kuma a kan wa aka yi bajintar?

Bazazzagi77: Maganarka da nauyi, kuma gaskiya ce. Ko Amina da nake alfahari da ita, garuruwan da ta ci ai mutane ne a ciki.

Dalibar_Adabi: @Dan_Gwari_Minna ka taɓo bambancin da Malam ya tambaya a kai tun farko. A littafi marubuci ne ke riƙe da fitila, inda ya haska nan kake gani. Maƙiyan tauraro ba su da uwa ba su da 'ya'ya, an halicce su ne don a sare su. A zahiri kuwa kowane wanda aka sara yana da mai kuka a gida. Shi ya sa jarumin littafi yake fita tas, na zahiri kuwa da wuya ka same shi ba tabo.

Sarkin_Dambe: Ku kuna ta tarihi. Ku zo filin dambe ku ga maza. Mutum ya naɗe hannu da zare ya shiga tsakiyar fili, makaɗi na zuga shi, ya san naushi ɗaya zai iya zubar masa da haƙora. Shago bai yi suna a banza ba. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa.

Dan_Maradi: Haka kokawa a wurinmu. Wanda ya ɗauki takobi a gasar ƙasa, jiharsa gaba ɗaya ke fita taryarsa.

Ummu_Hanif: Ku yi haƙuri 'yan'uwa, wannan bajinta ce da ƙarfin hali, ban musa ba. Amma wa aka ceta? In an tashi daga filin, me ya canja a rayuwar mai kallo?

Sarkin_Dambe: Hajiya, yaron da ya ga an kayar da gwaninsa ya tashi ya karkaɗe jiki ya rungumi wanda ya kayar da shi, ya koyi wani abu. Ba komai ne sai an ceci rai ba.

Nas_Maryama: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in kawo daga ɓangarenmu. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ba shi da lafiya. Likitar da ta duba shi, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta yi zargin Ebola ce, alhali ba a taɓa ganin cutar a Najeriya ba. Aka matsa mata lamba ta sallame shi ya tafi taro a Kalaba, shi kansa ya nemi fita da ƙarfi, ta ce ba inda za shi. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. A ƙarshe mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, zuwa Oktoba aka ce an rabu da cutar. Ku auna da a ce ya fita ya shiga cikin miliyoyin mutanen Legas, daga nan motocin Kano da Maiduguri suna lodi kullum.

Abin da ya fi taɓa ni, akwai nas a asibitin, Justina Ejelonu, sabuwar ɗauka, ita ma ta kamu ta rasu. Sunanta bai yi yawo kamar na likitar ba. Mu da muke wannan aiki mun san ranar da annoba ta zo ba wanda zai buga maka ganga. Safar hannu ce da takunkumi, sai kai da Allahnka, ka san kana da yara a gida, ka tura ƙofar ɗakin ka shiga.

Malamin_Hausa: Allah ya saka muku da alheri, Malama Maryama. Wannan zan karanta musu shi yadda kika rubuta.

Bajasa: Ni daga Filato nake. A watan Yuni na 2018 aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar, mafi yawansu Kiristoci. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya buɗe masallaci da gidansa ya ɓoye mutum 262. Maharan suka zo suka ce ya fito da su. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi, yana roƙonsu, har ya nuna gara a kashe shi da a taɓa baƙinsa. Ba bindiga a hannunsa, ba laya, ba ƙarfin jiki. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Amurka ta karrama shi, amma ranar da ya tsaya a ƙofar nan bai san za a wayi gari yana da rai ba, balle lambar yabo. Mu da muka zauna cikin rikicin nan mun san abin da ya fi wuya ba tsayawa gaban maƙiyi ba ne. Ba da kariya ga wanda ake ce maka ba naka ba ne, shi ne mai wuyar.

Dan_Kurmi: Wannan kam na sallama. Kuma na tabbata dattijon ya ji tsoro a ranar. @Ummu_Hanif kin fi ni gaskiya a maganarmu ta farko.

Abu_Zaid: Ku haɗa da masu faɗa wa mulki gaskiya. Malam Aminu Kano da mutanen jam'iyyar NEPU tun 1950, an ɗaure su, an yi musu bulala, an kore wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa saboda tana tara mata tana yi musu maganar 'yanci, a lokacin da macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ba ta.

Kawu_Direba: Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma bari in ba ku abin da idona ya gani. Shekarun baya ina dakon kaya zuwa wani gari a bakin kogi, ranar kasuwa. Kwalekwale ya ɗebo mutane fiye da kima, ya kife a tsakiyar ruwa. Muna tsaye a gaɓa muna salati, ba mai iya komai. Wani masunci, saurayi ne ko aure bai yi ba, ya faɗa ruwan. Ya fito da mace, ya koma. Ya fito da yaro, ya koma. Na ƙirga sau biyar. A na biyar da ya fito yana haki, tsofaffi suka riƙe shi suka ce ya isa, ƙarfinka ya ƙare. Wata mata tana ihu 'yarta na ciki. Ya fizge ya koma. Sai washegari aka ga gawarsa a ƙasan gari. Yarinyar ma ba a same ta da rai ba. Har yau ina tambayar kaina, komawar nan ta shida jarunta ce ko ganganci? Uwarsa tana da rai a lokacin, shi kaɗai ne ke ciyar da ita.

Goggon_Yara: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi shahadarsa. Kawu, ni uwa ce, zuciyata tana wajen uwarsa, amma ba zan iya kiran abin da ya yi ganganci ba. Kukan matar nan ne ya ja shi.

Basakkwace: Da ya fito da yarinyar da rai, da ba wanda zai yi wannan tambayar. Ke nan mu ne muke auna shi da sakamako, shi kuwa niyyarsa ɗaya ce tun daga ta farko har ta shida.

Nas_Maryama: A wurin aikinmu ana koya mana ka tsare kanka kafin ka ceci wani, domin in ka faɗi an yi asarar biyu. Da ina wurin da ina cikin masu riƙe shi. Amma wallahi ban isa in zarge shi ba.

Yaya_Auwalu: Malam, akwai wani ɓangare da ya fi damuna a kan ɗalibanka fiye da 'yan fim. A unguwarmu yaro yana ganin ɗan daba shi ne namiji, wanda in ya fito da wuƙa layi ke watsewa. A ƙauyuka kuma akwai yaran da ke kallon ɗan bindigar daji a waya yana taƙama da makami, suna sha'awa. Ƙanena ya kusa faɗawa wannan hanya, da ƙyar muka janyo shi, kuma da na tambaye shi dalili cewa ya yi ba ya son a raina shi. Su ma waɗannan ba sa tsoro, suna da ƙarfi, har mawaƙa suna da su. In ba ka ba yaran ma'aunin da zai fitar da waɗannan daga layi ba, to gara su ci gaba da rubuta 'yan fim.

Masoyin_Fim: Na gode Yaya da ka faɗi haka, domin tun ɗazu ake dukan 'yan fim. Kalma ce ta sauya ma'ana kamar yadda kalmomi ke yi, ba su suka roƙa ba. Kuma yaron da ya rubuta ɗan fim, in ka karanta da kyau, ba mutumin yake so ba, rawar da ya taka yake so: wanda ya tsaya wa marainiya, wanda ya ƙi cin amana. Abin da kuke nema ne dai yake nema, a inda ya samu.

Dalibar_Adabi: Akwai gaskiya a nan. Mu ma a littafi muka fara samun namu. Iliya Ɗan Maiƙarfi ma da muka ɗauka ɗan gida ne, asalin labarinsa daga Rasha Ahmadu Ingawa ya ɗauko shi, kuma bai hana mu ƙaunarsa ba.

Sani_Mai_Shayi: Malam, ka ce yaro ɗaya ya rubuta mahaifinsa. Me ya ce?

Malamin_Hausa: Na koma na sake karanta takardarsa bayan maganar Yaya Auwalu. Uban ma'aji ne a wata ma'aikata. Aka kawo masa takarda ya sa hannu a kan kuɗin da ba a kashe ba, ya ƙi. Aka mai da shi wani ofis da ba aiki, daga baya aka yi masa ritayar dole. Yaron ya ce sun tashi daga gidan da suke haya suka koma ɗaki biyu, yayarsa ta dakata da karatu shekara guda, 'yan'uwa suna zuwa suna ce wa uban ya cuci iyalinsa da taurin kai. Yanzu yana sayar da hatsi a bakin kasuwa. Jimlar ƙarshe da yaron ya rubuta ita ce, bai taɓa ganin babansa ya sunkuyar da kai in zai wuce mutane ba. Na ba shi maki kaɗan a ranar saboda kurakuran rubutu sun yi yawa. Gobe zan kira shi.

Jikan_Mai_Wurno: Wannan uban na yarda jarumi ne, domin ya ƙi miƙa wuya. Har yanzu dai ina kan bakana game da wanda ya miƙa.

Ummu_Hanif: Ni kuma matarsa nake tunani, wadda ta koma ɗaki biyu da yara ba ta tafi gidansu ba. Malam, in ka kira yaron ka tambaye shi ita me ta ce a ranar da mijin ya dawo da takardar sallama.

Kawu_Direba: Malam, in za ka ba su labarin masuncin nan, kar ka faɗa musu ra'ayin kowa. Ka tsaya a inda tsofaffi suka riƙe shi a gaɓa, ka tambaye su su me za su yi. Ina so in ji amsar da za su ba ka.